Jigon jirgin ruwa na alminiyam: a sake masa fenti ko a bar shi tsirara?

Usi_Mai_Feshi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Fentin mota nake yi a Kwangila, to ga shi an kawo mini aikin da ba na mota ba. Wani dattijo, tsohon malamin jami'a a Samaru, ya sayo ƙaramin jirgin ruwa na hannu daga Legas, irin wanda iska ke turawa, babu inji. Jirgin yana gidansa, jigon kawai ya aiko mini, wato dogon sandan da ake ɗaura filafili a jikinsa, ƙyallen nan da iska ke turawa. Alminiyam ne, ya kusa mita 7, cikinsa rami. Wani ya taɓa yi masa farin fenti, yanzu fentin yana ɓarewa falle-falle, da ka sa farce sai ya tashi. Duk inda akwai noti ko ƙarfen silba (stainless, wanda ba ya tsatsa), fentin ya kumbura, in ka fasa sai ka tarar da farin gari a ciki. Wasu notocin ko motsi sun ƙi yi. Baba yana so ya dawo fes kafin ya kai jirgin dam ɗin Tiga. In na goge da sanfefa, na buga jan firaima irin na ƙarfe, na bi da fentin mota, zai zauna?

Bakano_Ɗan_Kurmi:
Jirgin ruwa a Zariya? Kai, Zagezagi ba ku da dama. Na ɗauka a Kubanni za a tuƙa shi, ashe ƙarshenta dai ruwanmu na Kano za ku zo ara.

Baban_Hanifa:
Bakano, ka bari manya su yi magana, in an gama sai a ba ka tsintsiya ka share garejin. Usi, turo hoto, gani ya kori ji.

Tsohon_Abiyeshin:
Wa alaikumus salam. Usman, kada ka sa jan firaiman nan. Na baƙin ƙarfe ne, ba zai kama alminiyam ba, kuma ina zargin irin haka mai fentin farko ya yi shi ya sa kake ɓare shi da farce. Na yi aikin gyaran jikin jirgin sama har na yi ritaya, mafi yawan jikin ƙananan jirage alminiyam ne, don haka matsalarka tsohuwar abokiyarmu ce.

Alminiyam da ka goge shi, nan take iska ke yi masa wata siririyar fata wadda ido ba ya gani. Ita ke hana shi lalacewa, kuma ita ce ke hana fenti kama shi. Saboda haka aikin duka yana kan abin da za ka yi kafin fenti. Mu yadda muke yi: a wanke maiƙo tas, a goge, a wanke da ruwan asid mai suna Alumiprep, a ɗauraye, sai a shafa Alodine a bar shi 'yan mintoci har ƙarfen ya ɗan yi ruwan zinariya, a sake ɗaurayewa, a bar shi ya bushe. Daga nan firaima, ranar, ba gobe ba. Akwai gwajin da za ka yi ba da ko sisi ba: watsa ruwa mai tsabta a jikinsa. In ruwan ya shimfiɗe bai ɗaya, wurin ya wanku. In ya dunƙule ɗigo-ɗigo, akwai sauran maiƙo, koma ka wanke. Kuma bayan wankin kada yaranka su riƙe shi da hannu haka nan, maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya ɓata wuri.

Usi_Mai_Feshi:
Allah ya ƙara girma Baba. Amma wannan Alodine ɗin ina zan same shi a Sabon Gari? Ban taɓa ganinsa wurin masu sayar mana da fenti ba.

Oga_Sule_Fanabita:
Ba sai ka wahalar da kanka ba. Ka tambayi masu fentin mota firaiman da aka rubuta Etch Primer a gwangwaninsa, akwai asid a ciki, shi muke sa wa bonet da ƙofofin alminiyam na motocin zamani. Shafi ɗaya siriri, ba a lafta shi. Sai dai kada ka sa foti, wato abin cike lotsa, a kansa, ba sa shiri. Don cire tsohon fentin kuma, ka jiƙa sodar sabulu ka shafa, ka bi da burushin waya, kafin azahar ka gama.

Injiniya_Samaru:
Oga Sule, maganar firaima da foti daidai ce, amma soda da burushin waya a'a, don Allah kada ya yi. Sodar sabulu cin alminiyam take yi, ba fenti kaɗai ba. In ta hau shi za ka ga yana tafasa yana kumfa, kumfar nan iskar haidurojin ce, tana kama wuta. Sanda mai rami kuwa, in sodar ta shiga ciki ta maƙale a inda ba a ɗauraye ba, ci gaba za ta yi da aikinta. Burushin waya da soson ƙarfe su kuma suna barin ɓurɓushin baƙin ƙarfe a jikin alminiyam, kowane ɗan ɓurɓushi sai ya zama wurin da lalacewa za ta fara. Sanfefa sabuwa da ba ta taɓa ƙarfe ba, ko koren soso irin na Scotch-Brite, su ne kayan aikin.

Farin garin da kake gani kusa da notoci, Malam Usman, ga dalilinsa. In ƙarfe iri biyu suka haɗu, ruwa ya shiga tsakaninsu, musamman ruwan gishiri, ƙaramin batir ne ya samu a wurin. Ɗaya ke cinyewa ya bar ɗaya, kuma tsakanin silba da alminiyam, alminiyam ne ke cinyewa. Jirgin nan a Legas ya zauna, ya sha gishiri. Garin ya fi ƙarfen da ya cinye cin wuri, shi ya sa yake tura fenti ya kumbura, shi ne kuma ya shaƙe notocin. Ko wane irin fenti ka buga, muddin ba ka cire waɗannan ƙarafa ka gyara ƙarƙashinsu ba, daga nan zai sake tashi.

Gwangwan_Sabongari:
In Baba ya gaji da wahala a kawo mu ɗora a sikeli. Masu tukwane na nan suna jira.

Hajiyar_Kongo:
Ni ba mai fenti ba ce, a ɗakin gwaje-gwaje nake aiki. Magana ɗaya zan yi kan Alodine da Baba Tsohon_Abiyeshin ya ambata. Akwai sinadarin kuromiyam a ciki, irin wanda aka tabbatar yana haddasa ciwon daji. Haka tsohon firaiman nan mai ruwan ɗorawa da ake sa wa jirage. Ko ka samu, ina za ka zubar da ruwan ɗaurayar? Unguwanninmu rijiyoyi ne ko'ina, ga yara a bakin kwata. In har za a yi, a tara ruwan a jarka, a sa safar hannu da tabarau. In ba za a iya ba a haƙura da shi.

Tsohon_Abiyeshin:
Gaskiyarki Hajiya. Mu muna da inda ake tara shi, garejin kan titi ba shi da shi. Usman, in ba ka da hanyar tarawa, bi ta firaiman da Sule ya faɗa, ko firaiman efoksi mai haɗi biyu wanda aka rubuta yana hawa alminiyam. Ka karanta takardar kamfanin, don wasu ba su yarda a ɗora efoksi a kan mai asid ba. Zaɓi kamfani ɗaya ka bi jerin kayansa daga ƙasa har sama, kada ka haɗa na wannan da na wancan.

Walda_Ɗanmagaji:
Notin da ya ƙi fita ai wuta ce maganinsa. Kawo shi shagona in hura masa gas, fentin ma ya ƙone gaba ɗaya a huta. Inda ya ci rami kuma in cike da waldar argon in goge, ba wanda zai gane.

Injiniya_Samaru:
Ranka ya daɗe, nan ma zan ja da kai. Irin waɗannan sanduna yawanci da haɗin alminiyam mai lamba 6061 ko 6063 ake yin su, kuma ƙarfinsu ba daga ƙarfen kaɗai ya fito ba, daga gashin da aka yi musu a masana'anta ne, wanda ake kira T6. Ana gasa su na sa'o'i a zafin da bai wuce digiri 160 zuwa 180 ba. In ka hura masa gas ka wuce wannan nesa, ƙarfin ya tafi, kuma ba ya dawowa don ya huce. Ga shi alminiyam ba ya yin ja ya gargaɗe ka irin na baƙin ƙarfe, yana nan fari har ya kai wajen digiri 600 zuwa 650 ya zube. Walda ma haka: ɗinkin zai riƙe, amma gefensa zai yi laushi, yana iya rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ko fiye. Jigo kuwa aikinsa ke nan, wayoyin da ke riƙe shi a tsaye na danne shi ƙasa, iska na lanƙwasa shi.

Walda_Ɗanmagaji:
Injiniya, ku dai da littafi. Kullum muna waldar alminiyam, rim ɗin mota, kan inji, tsani, ba wanda ya dawo mana da shi a karye. Ɗan jirgin da zai yi yawo a dam ne fa, ba teku zai haye ba.

Ɗan_Yawuri:
Malam mai walda, kada ka raina ruwan dam. Mu da muka tashi a bakin Kainji mun san yadda iskar gaban hadari ke tayar da ruwa cikin ɗan lokaci. Sanda ta karye a kan mutum a tsakiyar ruwa ba abin wasa ba ne, balle dattijo.

Amma ni tambayata daban ce. Dole ne sai an yi fentin? Ruwan Tiga ba gishiri. A cire tsohon fenti, a gyara wurin notoci, a goge, a shafa man goge mota lokaci-lokaci, shi ke nan. Alminiyam ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, dusashewa kawai zai yi. Kwanon rufi nawa ne a garin nan da ba a taɓa yi wa fenti ba?

Kyaftin_Apapa:
Ɗan_Yawuri ya faɗi abin da ke bakina. Na daɗe ina aiki a bakin ruwa a Legas kafin in dawo gida Tudun Wada, na ga irin waɗannan jirage da yawa. Wanda aka bari da fatar masana'anta yana tsufa ne a hankali, ya yi toka-toka. Wanda aka yi wa fenti, shekarar farko abin sha'awa, daga nan igiya ta goge nan, ƙarfe ya ƙwarzane can, ruwa ya shiga ƙarƙashi ya rasa hanyar fita. Lalacewar da ke ƙarƙashin fenti ta fi ta fili muni, don ba ka ganinta sai ta yi nisa. Fenti a kan jigo ado ne, kuma wanda ya fara shi ya ɗauko wa kansa aikin da ba ya ƙarewa.

Usi_Mai_Feshi:
To Kyaftin, in na gaya wa Baba haka ai na kori kuɗina da bakina. Wace ce fatar masana'anta kuma?

Tsohon_Abiyeshin:
Anodayizin ke nan. Ana tsoma alminiyam cikin kwatarniyar asid, yawanci irin asid ɗin ruwan batir, a sa masa lantarki, sai waccan siririyar fatar ta yi kauri ta yi tauri. Tun 1923 aka fara amfani da dabarar a Ingila, don kare sassan jiragen sama masu sauka a kan ruwa. Na kayan teku kaurinta kan kai maikuron 20 zuwa 25 (maikuron dubu ne milimita ɗaya). Tagogin alminiyam da kuke gani masu ruwan azurfa ko ruwan ƙasa, yawancinsu haka aka yi musu. Ita ce ta fi kowane fenti, sai dai kafin a sake ta sai an cire duk wani ƙarfen da ba alminiyam ba, kuma sai an sami kwatarniyar da za ta ɗauke mita 7 a kwance. Kuɗin kai shi da dawo da shi kaɗai zai iya sa Baba ya fasa.

Abin da ya kamata ka sani shi ne ko tana nan a ƙarƙashin farin fentin. In tana nan lafiya, kuskure ne babba ka sa sanfefa mai kaushi ka cinye ta.

Mai_Gyaran_Rediyo:
Wannan mai sauƙi ne. Ɗauko mita irin wadda muke gwada waya da ita, ka sa ta a wurin da take ƙara in waya biyu sun haɗu. Ɓare fentin, ka ɗora bakunan biyu a jikin ƙarfen a hankali, kada ka danna har su huda. Fatar anodayizin ba ta wuce da lantarki. In mita ta yi shiru, tana nan. In ta yi ƙara, wurin tsirara yake.

Tunda lantarki ya shigo zancen: don Allah kada kowa ya ɗaga sandan nan a tsaye a Kwangila. Mita 7 na alminiyam, ga wayoyin wuta sun yi ƙasa-ƙasa. A kwance za a riƙa ɗaukarsa, mutum biyu. A gaya wa Baba ma, in zai kafa shi a bakin ruwa ya fara duba sama.

Baban_Hanifa:
Wallahi kuwa. Masu kafa eriya da masu ɗaukar rodi da yawa haka ta rutsa da su. Ga tsawa kuma. Da hadari ya haɗo a fito daga ruwa.

Bakano_Ɗan_Kurmi:
A haɗa masa da rigar ruwa. Ba ma son a ce Bazazzage ya zo Kano ya sha ruwa ya ƙoshi. Maganar gaskiya kuma, Usi, in hoda ce ta gashi kake so, irin wadda ake yi wa ƙofofi da kujeru, akwai masu yi a nan wajen Sharaɗa. Ta fi fentin feshi tauri.

Injiniya_Samaru:
Hodar tana da tauri, amma a tanda ake gasa ta, kusan digiri 180 zuwa 200. Ka ga ta shiga yankin zafin da na faɗa ɗazu. In minti kaɗan ne kuma tandar tana da ma'auni mai kyau, illar ba ta da yawa, ana yi. In mai tandar da ido yake aunawa, ni ba zan ba shi jigo ba. Sannan in ta ƙwarzane ba a iya yi mata faci da kyau.

Usi_Mai_Feshi:
Na dawo da labari. Na ari mita wurin maƙwabcina na gwada yadda Mai_Gyaran_Rediyo ya ce. Daga tsakiya zuwa sama shiru, sai dai kewayen notoci da wurin da igiya ke gogawa, nan tana ƙara. Notoci kuma na bi su da man kwance noti, na bar su suka kwana, na zuba tafasasshen ruwa a kan alminiyam ɗin, na riƙa ɗan bubbuga kan sukundireba da guduma. Mafi yawa sun fito, sauran sai dai a huda su. Abin da ya dame ni shi ne gindin. Da na cire murfin ƙasa na tarar da laka da farin gari cunkus, bakin ya cinye ya yi kaifi, ramin da ruwa zai bi ya fita ya toshe.

Kyaftin_Apapa:
To ka ga inda aikin yake, ba a fenti ba. Ruwan sama yana shiga ta ramukan igiya ya taru a ƙasa. In ɗan kaɗan ne ya cinye, ana yanke wurin har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, sai a sa ɗan tudu mai tauri a ƙarƙashi daidai tsawon da aka yanke, don kada wayoyin da ke riƙe da shi su yi sako-sako. Ka buɗe ramin ruwan, ka ɗan faɗaɗa shi.

Tsohon_Abiyeshin:
Kafin yanka, a nemi tsagewa. Duba kewayen kowane rami, musamman inda wayoyin gefe ke kamawa da inda 'yan sanduna biyu masu tokare wayoyin ke fitowa. Akwai tsohuwar dabarar ma'aikatan reluwe: a shafa kananzir, a bar shi ya ɗan jima, a goge tas, a shafa garin alli da aka dama, a bar shi ya bushe. In akwai tsagewa, kananzir ɗin da ya shige ciki zai fito ya ja layi a jikin allin. Bayan gwajin sai ka wanke kananzir ɗin sosai, in ba haka ba firaima ba zai kama ba.

Tunda fatar tana nan, ga shawarata in Baba ya nace sai fenti. Cire tsohon da maganin cire fenti wanda aka rubuta ba ya cin alminiyam, a fili inda iska ke kaɗawa, ka kankare da roba ba ƙarfe ba. Inda fata ke nan, ɗan dusar da ita kawai da sanfefa mai laushi, kamar lamba 220. Inda ya ci, goge har ka ga ƙarfe mai haske, babu ɗigon fari ko baƙi a cikin ramukan. Firaima, sannan fenti mai hadina, wato mai haɗi biyu, shafi biyu ko uku sirara. Kwarmin da filafili ke bi ya hau sama, toshe shi da tef, in fenti ya taru a ciki filafilin zai riƙa cijewa. Fari ya fi, baƙi zai ɗau zafin rana har ya gagara taɓawa. Kuma fenti mai hadina yana da guba ga huhu, ƙyallen da kuke ɗaurawa a hanci ba ya tare komai, nemi takunkumi mai gwangwani.

Oga_Sule_Fanabita:
Saura lokaci. In ka bari hunturu ya shigo, ƙura za ta zauna maka a kai kafin ya sha iska. Yanzu kuma damina, laima na sa fenti ya yi hazo-hazo. Ni dai da hantsi nake feshi ranar da gari ya washe, in yayyafa ruwa a ƙasa, in kewaye da leda. Rataye shi za ka yi ta ƙarshe biyu don ka iya juya shi, in ka kwantar a kan benci sai ka yi gefe ɗaya ka jira.

Hajiyar_Kongo:
Ni har yanzu ban ga abin da fentin zai ƙara ba, tunda an ce fatar tana nan. Kuɗin a sa a sababbin wayoyi da igiyoyi mana.

Ɗan_Yawuri:
Haka nake gani, Hajiya. Amma mai kaya shi ke da ta cewa.

Usi_Mai_Feshi:
Na je na sami Baba da hotunan gindin. Ya ce a fara gyara can, maganar fenti zai yi shawara, amma daga yadda yake magana fari yake so, wai haka ya gan shi a hoton jirgin tun yana sabo. Wajen mayar da ƙarafan fa? In na mayar da notocin silba ai matsalar da Injiniya ya faɗa za ta dawo.

Injiniya_Samaru:
Raba su za ka yi. Ƙarƙashin kowane ƙarfe ka sa siririyar roba, ko tef mai kauri, a yanka daidai girmansa. Haƙoran kowane noti a shafa musu man da aka yi don wannan, masu jirage suna amfani da Duralac ko Tef-Gel. Duralac ma yana da kuromiyam ɗin da Hajiya ta yi magana a kai, a kula. Abin da ba a so sam shi ne man da ke da jan ƙarfe ko garin girafait a ciki, wanda makanikai ke shafa wa noti, wannan ƙara cin alminiyam yake yi. Inda ribit ne, na monel ake so, wani haɗin ƙarfe mai ƙarfi da ba ya tsatsa, shi ma a shafa masa man kafin a buga.

Walda_Ɗanmagaji:
Ribit ɗin monel a Zariya? Na alminiyam ne cike da kasuwa, shi masu taga ke bugawa, kuma shi ba ruwansa da wannan batir ɗin naku.

Kyaftin_Apapa:
Na alminiyam ya isa a wurin da ba nauyi, kamar mariƙin fitila. Inda wayar gefe ke kamawa kuwa ba zai ɗauka ba, sai monel ko silba. Usi, auna faɗin tsofaffin ramukan tukuna, don in sun cinye sun buɗe sai ka hau girma na gaba. Turo mini awon da adadin da kake so, akwai yaron da ke ɗauko mana kaya daga Legas ranar Asabar.